A Tambayi Laka Kafin a Hukunta Manomi

A 1935 wani Baturen gandun daji mai suna Stebbing ya rubuta cewa Sahara tana gangarowa kudu, ya ɗora laifin kuwa a kan masu sare itace da masu ƙona daji. Maganar nan ta zauna a bakin masu ilmi, har yara suka haddace ta a makaranta. To, mu a ganinmu akwai wani mashaidi da ya kamata a saurara kafin a yanke hukunci, watau lakar da ke ƙasan tafki.

Kowane manomi ya san bununin gero. Haka itatuwa da ciyayi suke zubar da nasu kowace shekara, iska ta kwashe, wani ya faɗa tafki ya nitse. Ɓawonsa na da tauri ƙwarai, ba ya ruɓewa cikin laka, kuma kowane tsiro da siffar nasa. Tun 1916 wani masani na ƙasar Suwidin, von Post, ya nuna cewa in an ciro lakar daki-daki, aka ƙidaya bununin ta madubin likita, sai a san irin dajin da ya wuce, da yawan ruwan da ya raya shi.

An yi wannan aiki a Tafkin Tila, kusa da Biu. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna cewa shekaru dubbai wurin dajin ciyawa ne mai itatuwa jefi-jefi, wuta kuwa tun can tana cinsa. Ba wani kurmi da manoma suka tarar suka rushe. A Tafkin Yowa na arewacin Cadi kuma, binciken 2008 ya nuna ƙasar ta yi ta bushewa sannu a hankali cikin shekara 6,000, saboda damina ta ja baya.

Amma fa kada wani ya ce an ba shi lasin gatari. Ƙasar da ruwanta ya riga ya ragu ita ta fi bukatar a tausaya wa itacenta, don kuka ko gawo in an kayar, sai jikoki su ga madadinsa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta su daina koya wa yara cewa kakanninsu ne suka kirawo hamada. Ma'aikatan da ke zartar da dokar daji kuma su riƙa shawara da manomi, gama wanda aka fara da zarginsa da wuya ya taya ka dashe. Allah ya sa mu gane.