Yawuri da Tafkin Kainji: Wurin Zuwa da Muka Bari a Baya

Sharhinmu na yau zai kai mu kudancin jihar Kebbi, garin Yelwan Yawuri, inda kogin Kwara ke buɗewa ya zama tafkin Kainji.

Duk yaron da ya yi firamare a ƙasar Hausa ya haddace sunan Yawuri a cikin jerin Banza Bakwai, tare da Kabi da Zamfara da Nufe da sauransu. Amma a tambayi ajin nan wa ya taɓa taka ƙasar, sai a ji shiru. Abin yana damuna, domin garuruwan da suka haɗa tsohon tarihi da babban ruwa a wuri guda ba su da yawa a arewa.

A fara da tarihin. Kafin Yelwa, hedikwatar masarautar tana Birnin Yawuri, kuma har yau mai ido zai ga ragowar ganuwarsa. Ta Yawuri ne Baturen nan Mungo Park ya bi da jirginsa a tafiyarsa ta biyu, kafin ya gangara Busa inda ruwa ya ci shi wajen 1806. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo fadar Sarkin Yawuri suna neman takardun da Park ya bari. Ita kuwa tsohuwar Busa, yau ba wanda zai iya nuna maka ita da yatsa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya shanye ta, ya shanye tsibirai da gonaki da maƙabartu, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in aka kai su sababbin matsugunai. Da yawa cikinsu Gungawa ne, mutanen tsibiri, waɗanda suka shahara da noman albasa da sarrafa kwalekwale. Wutar lantarkin da birane suka sha shekara da shekaru, da gidajen kakannin waɗannan bayin Allah aka saye ta. Wanda ya shiga jirgi a tafkin nan ya san cewa a kan garuruwa yake tafiya, ya kuma nemi dattawan da suka ga tashin da idonsu ya zauna da su. Sun manyanta, kuma labarin nan a bakinsu yake.

Ga wanda shaƙatawa ta kawo shi, lokacin hunturu ya fi. Kwara na cika sau biyu a shekara: akwai cikar damina mai laka, sannan akwai ruwan da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratso Mali da Nijar, ba ya isowa nan sai sanyi ya kama, ya iso garau. A lokacin ne tafkin ke da faɗi da kyan gani. Ka yi sammako zuwa bakin ruwa ka ga Sarkawa na dawowa da giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, ka shiga kasuwa ka ga banda jibge, fatake na ɗaurewa zuwa kudu. In kuma ka dace da bikin Rigata, za ka ga tseren kwalekwale da wasan ruwa, al'adar da mutanen garin ke danganta asalinta da farautar dorina.

To, masu sauraro, ba zan ce a ɗauki jaka a kama hanya ido rufe ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai. Wata guda kafin nan, jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka yi asarar rayuka masu yawa. Dalilan irin wannan hatsari sanannu ne: lodi fiye da ƙima, tsofaffin jirage, tafiyar dare, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. Mai niyyar zuwa ya tambayi mutanen gari halin hanya, ya yi tafiyarsa da rana, kada kuma ya sa ƙafa a jirgin da babu rigar hana nutsewa a cikinsa, ko da direban ya rantse masa.

Saura kuma na hukuma ne. Biki na kwana uku ba ya riƙe gari shekara guda. Ana bukatar tashar jirgi mai tsari, da masu duba lodi kullum, da ɗan ɗakin tarihi inda za a naɗi muryoyin Gungawa da Kambari da Sarkawa, a adana hotunan ƙauyukan da ruwa ya ci. Muna kira ga gwamnatin jihar Kebbi da masarautar Yawuri su fara wannan aiki tun dattawan nan na raye, malaman makaranta kuma su sa Yawuri cikin wuraren da za su kai ɗalibai da zarar hanya ta yi lafiya.