Wuta Ba Ta Kashe Dalma

Kafin yara su fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, agwagi ne suka riga su, ba wanda ya kula. Gubar dalma daga duwatsun zinaren da ake niƙawa cikin gidaje ta hallaka yara wajen 400 a Zamfara, ta sake ɗaukar 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. An kankare ƙasar garuruwa irin su Bagega, an yi wa yara magani. To, ina batun shanu da awakin da ke kiwo a irin waɗannan filaye, suna shan ruwan kududdufin da ake wanke zinare?

Dabba tana haɗiyar ƙasa tare da ciyawa, kuma ƙarfen da ya shige ta ba ya fita da sauƙi. Dalma tana taruwa a hanta da ƙoda da ƙashi, wata kuma ta bi nono. Saniyar tana iya tsayuwa garau, mahauci ya taya, likitan dabbobi ya duba a mayanka ya sallama, domin ido ba ya ganin dalma. Ba Zamfara kaɗai ba ce: ruwan majemun Sharaɗa da Challawa a Kano yana ɗauke da sinadarin kromiyum, ga garke na sha a gangare.

Wani zai ce ai muna tafasa madara, muna gasa tsire har ya yi ƙamas. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ƙarfe ba rai gare shi ba, balle a kashe shi. Wani kuma ya ce abin ɗan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin taɓuwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na makiyayi da mai tallan nono, waɗanda wannan magana za ta iya kashe wa kasuwa alhali ba su suka zuba gubar ba. Gaskiya ne. Amma ɓoyewa ce ke shafa wa kowa baƙin jini, gwaji kuwa yana wanke garken da ke lafiya. Don haka gwamnatocin jihohi su killace wuraren haƙar ma'adinai daga burtali da mashaya, su riƙa ɗibar hanta da ƙoda daga manyan mayanku ana gwadawa, kuma wanda ya gurɓata ruwa shi zai biya kuɗin gyara, ba mai saniya ba.