Ra'ayinmu: A Shimfiɗa Waya Kafin A Yi Yaɓe

Nijar ta kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, ta ƙara da na Doso, Agadas, Difa da Tilaberi a 2014. Duk sabon gini a cikinsu yana bukatar kwamfuta da intanet, kuma sau da yawa nan gizo ke saƙar. In aka gama fenti kafin a kira masanin na'ura, sai an fasa bango an sake biyan magini.

Muna kira ga hukumomi su zaunar da masanin tare da mai zanen gini tun ranar farko. A ware kuɗin gyara da na horas da ma'aikata. A tanadi batura da wutar hasken rana, domin ba mu manta da yadda Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 ba.

Ku kuma 'yan kasuwarmu na Ƙwanni, Ɗan Isa da Gaya, in kwangilar kawo kaya ta faɗo hannunku, ku kawo na asali da takardar garanti. Arha ba ta ado. 'Ya'yanku ne za su zauna gaban na'urorin nan.