Idan Kan Jariri Ya Fito, Kafaɗa Ta Maƙale

Ya 'yan uwa matasa, musamman magidantan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, akwai lamarin da muke kau da kai daga gare shi wai don na mata ne, alhali a wuyanmu yake.

Wani lokaci a wajen haihuwa kan jariri yakan fito, sai kafaɗarsa ta tokare a bayan ƙashin marar uwa. Daga nan mintuna kaɗan suka rage, domin ƙirjinsa a matse yake, iska ba ta isar ƙwaƙwalwarsa. An fi ganin haka ga babban jariri da mai ciwon suga, amma sau da yawa yakan zo ba sallama.

To, me ake yi a gida? A ja kan da ƙarfi, a danna saman ciki, wasu ma su ɗauko aska a yi yankan gishiri. Jan kai yana lahanta jijiyoyin da suka taso daga wuya, yaro ya tashi da shanyayyen hannu. Danna saman ciki ƙara tokare kafaɗar yake, yana iya fasa mahaifa.

Ita kuwa ungozomar da ta yi karatu, sai ta kwantar da uwar rigingine, a naɗe cinyoyinta sosai zuwa cikinta, wata ta danna daidai saman ƙashin mara. Galibi da wannan kafaɗar take kuɓucewa. In ta ƙi, sai ta sa hannu ta juya jaririn, ko ta fara fito da hannunsa na baya.

Ɗan uwa, mutumin Riruwai ko na ƙauyukan gefen dajin Falgore ba zai fara neman mota bayan kai ya fito ba. Shiri tun da wuri ake yi. Bar iyalinka ta je awo. Tanadi kuɗin mota. Ba ta izinin tafiya asibiti ko ba ka gari. In goyon ciki ta tafi, ka yi wa surukanka bayani cikin ladabi.

Wani zai ce haihuwa ta Allah ce. Haƙiƙa haka ne, amma barin sababi ba tawakkali ba ne, sakaci ne. Wanda kuma yake ƙyamar namiji ya duba masa iyali, ya sani ceton rai lalura ce, sannan ya tura ƙanwarsa karatun ungozoma. Mai kukan zaluncin azzalumai bai kamata ya zalunci matar da aka ba shi amana ba.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, amin.