Riga mai faɗi ma da awo ake ɗinka ta

Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko Wadata a Yamai, ya ga yadda manyan riguna da burgujejen wando suka mamaye rumfunan ƴan kaya. Ƴan zamani na ce wa yayin obasayiz, wato tufa mai girma fiye da jikin mai ita. Wasu iyaye sun yi murna, don a ganinsu an rabu da matsattsun kaya. Ni ma ba na faɗa da faɗin riga. Abin da ke damuna shi ne mata da yawa sun koma ga manyan kaya ne saboda sun gaji da neman wanda ya yi musu daidai, kuma ƴan kasuwa sun samu hanyar sayar da duk abin da ya ƙi zama a jiki da sunan yayi.

Faɗin tufa ba baƙo ba ne a wurinmu. Bubu, da abaya, da zurmemen hijabi, da babbar rigar maza, duk sun girmi wannan yayi nesa ba kusa ba, kuma sun dace da zafinmu na watan Afrilu da Mayu. Amma ki tambayi kowane tela da ya san aikinsa, zai gaya miki cewa bubu ma sai an auna. Akwai faɗin wuya, akwai tsawo daga kafaɗa zuwa idon sawu, akwai inda ake tsayar da ɗinkin gefe don kada ta zama buhu. Haka abin yake ga rigar obasayiz ta gaske. Da gangan ake sauko da ɗinkin kafaɗa, a buɗa jiki, amma wuya da tsawon hannu suna nan daidai da mai sawa. Idan kuwa kika sayi rigar da ta fi ki da lamba biyu, komai ne ke ƙaruwa tare: wuya ya zame, hannu ya rufe yatsu, hammata ta sauko har kusa da ƙugu. Sai a yi ta gyara riga a hanya, a sa allura nan, a naɗe can.

Me ya sa samun daidai ke da wuya haka? Lambar da ke maƙale a wuyan riga ba ta da ma'ana ɗaya a duniya. Rigar da aka rubuta wa 38 a Faransa, ita ce 42 a Italiya, 36 a Jamus, 10 a Ingila, 6 a Amurka. A kayan Sin kuma sau da yawa za ki ga an rubuta 160/84A, ma'ana mace mai tsawon santimita 160 da ƙirji 84. Haruffan S da M da L kuwa kowane kamfani da yadda yake fassara su. To dilar gwanjo, wanda muke ce wa bosho, idan aka kwance ta, kayan waɗannan ƙasashe duka ne a cakuɗe, wasu ma wanki ya riga ya tsuke su. Mai sayarwa da kansa bai san awon abin da ke hannunsa ba, kuma a mafi yawan rumfuna babu wurin gwadawa.

Akwai wani abin da ya fi wannan. Lambobin nan an samo su ne daga jikin wasu matan daban. A Amurka, tsakanin 1939 da 1940, ma'aikatar noma ta ƙasar ta sa an auna mata kusan 15,000, kuma da aka zo lissafi awon fararen fata kawai aka riƙe. A kan wannan aiki aka gina ma'aunin da suka fitar a 1958, wanda suka janye a 1983, kowane kamfani ya ci gaba da yin gaban kansa. Masana'anta na yanka yadi ne a kan tsayayyen lissafi tsakanin ƙugu da kwankwaso. Macen da halittarta ba ta bi wannan lissafi ba, idan wando ya shige kwankwaso sai ƙugu ya yi buɗe, idan ƙugu ya zauna sai ya ƙi hawa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A nan ne maganar ta wuce ta kwalliya. Yarinyar da ta gwada kaya biyar babu wanda ya zauna mata, ba ta cewa awon ne ba nata ba, cewa take jikinta ne ke da matsala. Daga nan wata ta kama shayin rage ƙiba da ake talla a TikTok da WhatsApp, wata kuma ta kama ƙwayoyin ƙara jiki na ƴan tebur. Daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai deksametazon, wanda shan sa tsawon lokaci ba da umurnin likita ba yana tayar da hawan jini da sukari, yana raunana ƙashi. Babu rigar da ta kai wannan farashi. Riga ake gyarawa ta dace da mutum.

Wani zai ce ai shi ya sa muke da teloli. Gaskiya ne, kuma wannan arziki ne da mutanen Turai ke biyan kuɗi mai yawa kafin su samu. Turmin atamfa yadi shida ne, a hannun gwani yana fitar da kaya daidai jikin mai shi. Ƙasar da Alphadi ya kafa bikin FIMA a cikinta tun 1998 ba ta rasa masu basirar almakashi ba. Amma mu faɗi gaskiya, teloli ma suna da hannu wajen korar mata zuwa kayan kanti. Alƙawarin tela a jajibirin Sallah ya zama abin ba'a. Wani ba ya rubuta awo, ido kawai yake yi. Wani ya rubuta a bayan kwali, kwalin ya ɓace. Sannan da yawan teloli maza ne, kuma ba kowace mace ce ke yarda namiji ya auna ta ba, sai ta aika da tsohuwar riga ta shekara uku a ce a bi ta. Cibiyoyin koyon sana'a na garuruwanmu, da asusun FAFPA mai tallafa wa horo, ya kamata su ba da ƙarfi ga koya wa mata awo da yanka. Taka keke kaɗai bai isa ba.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun kowace mace. Ki sayi tef ɗin awo irin na tela, ki sa ƴar'uwa ko ƙawa ta auna miki kafaɗa, ƙirji, ƙugu, kwankwaso, tsawon hannu da tsawon riga, duk da santimita. Ki adana a waya, ki sabunta bayan haihuwa ko idan jiki ya sauya. Ki je kasuwa da tef ɗin a jaka, ki shimfiɗa riga ki auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. Masu sayarwa ta intanet kuma, wadda ta iya ɗaukar hoto ta iya rubuta santimita a ƙarƙashinsa. Wadda ta ƙi, kada ki tura mata kuɗi.

Ƴan'uwa da ke Faransa, Beljiyam, Amurka, Aljeriya ko Abijan, ku ma maganar ta shafe ku. Kafin ku cika akwati da tsarabar mata da ƙanne, ku nemi awonsu da santimita, ku daina sayen babba don a huta. Kuɗin da aka sha wuya kafin a samu bai kamata ya ƙare a ƙasan akwati ba. Mata mazauna waje da ke aiko da ɗinki gida, ku aiko da awon bana.

Wadda ke son faɗi ta sa faɗi, amma ya zama ita ta zaɓa, kuma an ɗinka shi a kan kafaɗarta.