Wa Ya Ɗaga Wa? Michael Jackson, Manu Dibango Da Lambobin Billboard



Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin samarinmu, har wasu masu furfura sun fara ɗaukarta. Duk sa'ad da aka tuna da Michael Jackson sai a ce ai shi ne ya ɗaga sunan Kamaru a duniya, tunda ya sa amshin Manu Dibango a waƙarsa. A ce Rihanna ta ƙara ɗagawa, Shakira kuma ta kai mu ƙololuwa da waƙar gasar ƙwallon duniya. Hujjar kullum guda ce, wato lambobin jadawalin Billboard: wannan ta kai ta biyar, waccan ta kai ta uku, saboda haka mu gode. Mu dai ba mu ga abin godiya ba, kuma da lambobin nan da ake tinƙaho da su za mu faɗi dalili.

Mu fara da ba mutum haƙƙinsa, don kada a ce hassada ce ke magana. Kundin Thriller ya fito a ƙarshen Nuwamba 1982, Quincy Jones ne ya tsara shi. Waƙoƙi tara ne a ciki, aka fitar da bakwai ɗaya bayan ɗaya a ƙananan faya-fayai, dukkansu kuwa suka shiga goman farko na jadawalin Hot 100, abin da wani kundi bai taɓa yi ba kafin nan. Billie Jean ta yi mako bakwai a kan gaba, Beat It ta yi uku. The Girl Is Mine, wadda ya yi da Paul McCartney, ta tsaya a ta biyu. Kundin kansa ya yi mako 37 a saman jadawalin kundaye, a 1984 kuma Jackson ya kwashi lambar Grammy takwas a dare ɗaya. Babu mai hankalin da zai ce mutumin nan bai iya waƙa ba, ko bai iya rawa ba.

Waƙar da ta buɗe kundin ita ce Wanna Be Startin' Somethin'. An fitar da ita ita kaɗai a 1983, ta kai ta biyar. Abin da kowa ke riƙewa daga cikinta shi ne amshin ƙarshe, inda taron muryoyi ke ta nanata wasu gaɓoɓi da ba na Turanci ba, ana tafi. A jikin faifan kuwa sunan mutum ɗaya tak aka rubuta a matsayin mai waƙar: Michael Jackson.

Gaɓoɓin nan suna da gida, kuma gidan a Duwala yake. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka karo na takwas. Manu Dibango, haifaffen Duwala a 1933, gwanin busa saksofon, ya yi wa gasar take. Ƙaramin faifai na wancan zamani fuska biyu gare shi, dole a cika bayan da wani abu, sai ya sa wani kiɗa da ya kira Soul Makossa. Makossa sunan kiɗan rawa ne na mutanen Duwala. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki kalmar ya kakkarya ta gaɓa-gaɓa, yana wasa da ita a kan ganga da busa. Kongo ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, ta je ta ɗauki kofin a hannun Mali. Wa zai sake neman taken gasar da aka fitar da shi a gidansa? Fuskar faifan ta mutu nan take, bayan ne ya rayu.

Yadda ya rayu ɗin ya kamata samari su sani. Wani mai saka faifai a wuraren rawa na New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn, ya riƙa saka shi. Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS ya ji, ya sa shi a iska. Jama'a suka yi ta nema, faifan kuwa babu shi a kasuwa, domin ɗan ƙaramin kamfani ne na Faransa mai suna Fiesta ya buga shi. Kafin mai abu ya farga, ƙungiyoyin kiɗa fiye da ashirin sun sake buga Soul Makossa da sunayensu suna sayarwa. Sai daga baya kamfanin Atlantic ya sayi izinin fitar da na asali a Amurka, ya shiga Hot 100 a 1973, ya tsaya a na 35, alhali ɗaya daga cikin kwaikwayon, na wata ƙungiya mai suna Afrique, yana biye da shi a jadawalin yana raba masa masu saye.

Ke nan shekara goma kafin Jackson ya taɓa amshin, duniya ta riga ta yi rawa da shi, har an yi wawasonsa. Ina wanda aka tsamo daga duhu a nan?

Mai gardama zai ce to ai ga shi nan, na Dibango ya tsaya a 35, na Jackson ya kai biyar, lamba ba ta ƙarya. Lamba ba ta ƙarya, gaskiya ne, amma sai a tambaye ta me take ƙirgawa. An kafa Hot 100 a Agusta 1958, kuma abu biyu ya ginu a kai: yawan faifan da aka sayar a shagunan Amurka, da yawan saka waƙa a gidajen rediyon Amurka. Har zuwa 1991 ma ba na'ura ce ke ƙirgar ba, rahoton da masu shaguna da gidajen rediyo suka bayar ake tarawa. Tun a 1959 da 1960 majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike a kan kuɗin da kamfanoni ke cusa wa masu saka faifai a rediyo don su fifita waƙoƙinsu. Yau an ƙara da yawan sauraro ta intanet, amma dai na cikin Amurka ake lissafawa. Jadawalin nan littafin ciniki ne na kasuwa guda. Wanda ke da kamfanin da zai kai faifansa kowane shago, ya buɗe masa ƙofar kowane gidan rediyo, shi zai hau. Dibango ya shiga kasuwar a makare, kayansa na hannun wasu. Jackson ya shige ta da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya a bayansa. Tazarar da ke tsakanin 35 da biyar tazarar jari ce.

Mai son shaida ta kwanan nan ya dubi Calm Down ta Rema, ɗan Nijeriya. Ta fito a farkon 2022, Afirka ta gama rawa da ita. Sai da aka sake ta da muryar Selena Gomez sannan ta hau Hot 100 har ta kai ta uku a 2023. Kiɗan bai canza ba, sunan da aka liƙa masa ne ya buɗe ƙofa.

Mu koma kan haƙƙi, don nan ne maganar ta fi ɗaci. Dibango bai yi shiru ba. Ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta da shi a wajen kotu, aka biya shi. Wanda ya yarda ya biya kuwa ya san abin da ya ɗauka. Da maganar ta tsaya nan da mun ce an yi kuskure an gyara. Amma a 2007 Rihanna ta fitar da Don't Stop the Music, wadda aka gina a kan amshin nan ɗin dai, aka ɗauko shi daga faifan Jackson. Ta kai ta uku a Amurka, ta zo ta ɗaya a ƙasashe da dama, har da Faransa inda Dibango yake zaune. Da aka tashi neman izini, wurin Jackson aka je. Shi ya bayar, sunansa ya shiga jerin marubuta waƙar. A lura da wannan da kyau: wanda ya ari riga ya ba wani aronta, ya karɓi ladan aro, mai riga yana ji a rediyo. A 2009 Dibango ya kai ƙara a Paris yana neman Yuro 500,000, kotu ba ta karɓi ƙarar ba, bisa hujjar cewa tun da farko an riga an yanke a sa sunansa a bugun Faransa na gaba kuma ya janye. Dattijo mai shekara saba'in da biyar yana zarya a kotu don a rubuta sunansa a ƙarƙashin abin da ya fito daga bakinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya rasu a Faransa ranar 24 ga Maris 2020, cutar korona ce ajalinsa, yana da shekara 86.

Ta Shakira ba sai mun ja ta ba, kowa ya shaida. Waka Waka ta 2010 daga Zangalewa ta fito, waƙar da Golden Sounds, sojojin da ke tsaron fadar shugaban ƙasa, suka buga a 1986, wadda ta zaga Afirka ta haye har Kolombiya, ƙasar Shakira. Sai da aka yi surutu a nan gida da waje kafin a zauna da su a daidaita.

Akwai hujja ɗaya mai nauyi a hannun masu gardama, kuma ba za mu kauce mata ba. Suna cewa waƙa ruwan kogi ce, kowa na ɗiba. Su kansu Golden Sounds daga waƙoƙin maci na sojoji suka ɗebo, Dibango ma makossa ya tarar, bai ƙirƙire ta ba. Haka ne. A wurinmu ma haka abin yake. Makaɗin Hausa daga amshi yake farawa a bayan ubangidansa, ya sha salonsa, ya gaji wasu waƙoƙin. Amma duk wanda ke filin ya san daga wane gida kiɗan ya fito, makaɗin ma da bakinsa yake ambaton wanda ya koya masa, kamar yadda ɗalibi a zauren karatu ba ya kawo magana sai ya ce daga wurin wa ya ji ta. Kuma babu makaɗin da ya taɓa kafa shinge a bakin kogin yana karɓar kuɗi daga masu zuwa bayansa. Laifin yana farawa ne ranar da mutum ya ɗebi ruwan kowa, ko na wani sananne, ya rubuta sunansa shi kaɗai a takarda, takardar ta riƙa kawo masa kuɗi duk inda aka saka waƙar a duniya.

Laifi tudu ne. Tun shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa da ke zuwa mana daga Kano suke ɗaukar karin waƙoƙin Indiya, a sa musu baitin Hausa, babu ko ambato. A kasuwanninmu kuma mai tura waƙa yana cika wa mutum waya da aikin mawaƙa ɗari a kan kuɗin da bai kai na farantin abinci ba, ko sisi ba ya isa ga masu muryar. Wanda ya ji zafin abin da aka yi wa Dibango bai kamata wannan ya yi masa daɗi ba.

Abin da ya sa muka damu har muka yi dogon rubutu a kan mawaƙan da ba namu ba, abu biyu ne. Na farko, yaron da ya yarda cewa darajar waƙa ita ce lambarta a Billboard ya riga ya yanke wa nasa hukunci. Mamman Shata ya rasu a 1999 bai taɓa hawa jadawalin ba, haka Ɗan Maraya Jos, haka Ɗanƙwairo. Har yau muryoyinsu na tashi a shagunan tela da tashoshin mota daga Kano zuwa Kumasi zuwa Garwa. Ba a ƙirga su ba ne kawai, domin mai ƙirgar bai taɓa zuwa inda ake saurarensu ba. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar da Faransanci ya cika kunnen yaranmu, in muka bari wannan ma'auni ya zauna musu a kai, da kansu za su ajiye Hausar su ce ba ta kai ko'ina.

Na biyu ya fi gaggawa. A unguwanninmu yanzu akwai samari da 'yan mata masu waƙa da Hausa, wasu na biki, wasu na soyayya, wasu na yabo. Yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya shiga situdiyo, ya rera, ya fito da waƙar a waya yana murna. Bai tambayi wa ke riƙe da asalin abin da aka naɗa ba. Bai tambayi da sunan wa za a ɗora ta a YouTube ba, alhali wanda shafin ke hannunsa shi kuɗin ke zuwa wa. An ce masa za a ɗaga shi, shi ke nan ya gode. Kalmar nan dai ce da ake so mu faɗa wa Jackson. To idan Dibango, mai kamfani a Paris, mai lauyoyi, mai sunan da duniya ta sani, ya sha wannan wuya, yaron Briqueterie da ba shi da ko guntuwar takarda fa?

Dokar tana nan. Kamaru na da dokar haƙƙin mawallafi ta 19 ga Disamba 2000, hedkwatar OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka da dama, a Yawunde take, akwai kuma ƙungiyar da ke yi wa waƙoƙi rajista tana karɓar wa mawaƙa kuɗinsu. Amma doka ba ta bin mutum gida. Muna kira ga iyaye da masu unguwanni, har da waɗanda ba sa son 'ya'yansu su yi waƙa ko kaɗan, domin ko an so ko an ƙi, ranar da rigima ta tashi a zauren manya za ta sauka. Ba ma sayar da fili ba shaidu, ba ma ba da bashi mai nauyi ba rubutu. Kafin yaro ya shiga situdiyo a rubuta wa ya tsara baitoci, wa ya yi kiɗa, wa ya biya kuɗin naɗi, da sunan wa za a ɗora waƙar a intanet, kuma kashi nawa kowa zai samu in ta kawo wani abu. In an ari kari ko amshi daga wani, a rubuta sunansa tun daga ranar, a kuma nemi yardarsa in yana raye, ko ta magadansa. A sa kwanan wata, mutum biyu su shaida, a yi takardar biyu, ɗaya a hannun yaron, ɗaya a ajiye wurin mai unguwa.