Abin da furen wardi ya koya mini game da feshi

A markar watan Agustan bara, itatuwan wardi huɗu da na dasa a tsakar gidana a Ƙiru suka fara fitar da baƙin ɗigo-ɗigo a ganye. Kafin mako biyu ganyen ya yi rawaya, ya kakkaɓe. Na garzaya kasuwa na sayo maganin feshi a wata kwalba marar suna, na yi ta kwarara musu. Biyu suka mutu.

Sai da na kai wa wani malamin gona ganyen ya duba, sannan na gane wautata. Maganin ƙwari na saya, alhali cutar ta funfuna ce. Ya bayyana mini cewa ƙwayar wannan cuta ba ta kama ganye sai ya yi kimanin sa'o'i 7 a jiƙe, kuma fantsamar ruwa ce ke ɗauko ta daga ganyen da ya zube ta kai wa mai lafiya. Ni kuwa ban-ruwan yamma nake yi ta sama, ganye ya kwana da laima.

Shawararsa ba ta ci ko kwabo ba: a zuba ruwa a gindi da sassafe, a bar tazara tsakanin shuka domin iska ta ratsa, a tsince ganyen da ya kamu a ƙone. In feshi ya zama dole, a nemi na funfuna, irin su Mancozeb, a bi ƙa'idar da ke jikin takardarsa, kuma tun kafin cutar ta bazu.

Asarata fure ce kawai. Amma manoman tumatir da albasa da ke noman rani da ruwan madatsar Tiga, da masu lambu a fadamun Tudun Wada da Doguwa, su ma suna fama da cututtukan funfuna masu ƙone ganye. Idan ɗayansu ya yi irin kuskurena, jarin shekara ne zai tafi, ga guba a kan abin da za mu ci.

Don haka nake kira ga hukumar KNARDA da ƙananan hukumominmu su riƙa tura malaman gona kasuwanni ranar ci. Manomi ya zo da ganyensa, a faɗa masa sunan cutar kafin ya buɗe bakin aljihu.

Wardina biyu da suka rage sun sake toho, bana ban fesa musu komai ba.